AnyDice: shafin da ya gyara min dokar kare sara a wasanmu na tebur

Kusan wata huɗu kenan ina amfani da AnyDice, wani shafin intanet mai lissafa damar abin da dayis zai fitar, shi ya sa na ga ya kamata in faɗi abin da na gani, musamman saboda 'yan uwa masu jan ragamar wasa irin su Dungeons & Dragons, waɗanda dokar littafi ba ta ishe su ba sai sun ƙirƙiro tasu. Ga wanda bai san wasan ba, labari ne ake ginawa a zaune, mutum ɗaya yana ba da labarin yana riƙe da abokan gaba, sauran kowa da jaruminsa a takarda, in aka zo faɗa sai a jefa dayis ya raba gardama. Ba kuɗi a ciki ba caca ba ce. Gary Gygax da Dave Arneson ne suka fitar da shi a Amurka a 1974, kuma ya samo tushe ne daga Chainmail na 1971, dokokin yaƙi da ake bugawa da 'yan mutum-mutumin sojoji, wato tun ran gini faɗan takobi ne ƙashin bayan wasan.

Mu labarinmu na mahaya dawaki ne, da lifidi da sulke da mashi da garkuwa, kuma abin da ya daɗe yana damun 'yan teburinmu shi ne in an kawo maka sara ba ka da ta cewa. Mai hari ya jefa d20, dayis mai fuska 20, in ya kai lambar sulkenka an same ka, kai dai kana zaune kana kallo. Ɗaya daga cikinmu ya ce min yallaɓai to garkuwar nan ado ce? Gaskiyarsa. Sai na rubuta doka na kira ta kare sara: duk wanda aka samu shi ma ya jefa d20, in ya sami 13 ko sama ya kare, saran ya tashi a banza.

A takarda wlh abin ya yi kyau. A tebur kuwa faɗa ɗaya da 'yan fashi uku ya cinye mana daga bayan la'asar har aka kira magariba ba a gama ba, shayi ya huce, wanda ya nemi dokar ma ya koma danna waya. Abin ya taɓa ni sosai don ranar Asabar ɗin nan ita kaɗai muke haɗuwa.

A daren na buɗe AnyDice. Shafi ne na kyauta ba sai ka yi rijista ba, akwai akwatin rubutu a sama, ka rubuta misali output 3d6, wato dayis uku masu fuska 6 a haɗa abin da suka fitar, ka danna Calculate, nan take ya jero maka kowace lamba da kasonta cikin ɗari, in kana so kuma ya zana maka shi a jadawalin layi. Na saka lambobina. Mayaƙi da ke buƙatar 9 ko sama yana samun abokin gaba kashi 60 cikin ɗari, kariyar da na ƙirƙiro tana ci kashi 40, da na haɗa biyun a layi ɗaya sai ga 36. Kun ga inda gizo ke saƙar. Ɗan fashin da sara huɗu ke kayarwa, da yana ɗaukar zagaye bakwai haka, yanzu ya koma goma sha ɗaya, kuma kowane saran da ya shiga jifa biyu ne ba ɗaya ba, sannan dokar tana aiki a kan kowa har abokan gaba. Wani zai ce ai wannan lissafin 'yan firamare ne, haka ne, amma da zarar ka ƙara garkuwa da mai hari daga kan doki da wanda aka mamaya ta baya, kai ba zai riƙe ba, shi kuwa shafin canza lamba ɗaya kawai za ka yi ka sake dannawa.

Gyaran da na yi a kansa na gwada shi kafin kowa ya gani. Kariya ta daina soke sara, sai dai ta rage masa ƙarfi da d6, wato abin da dayis mai fuska 6 ya fitar, kuma sau ɗaya tak a zagaye, saboda haka dole ka zaɓi saran da za ka tara. Takobi mai ƙarfin sara d8+3, wato dayis mai fuska 8 a ƙara 3, matsakaicinsa 7.5 ne, bayan kariya ya sauko kusan 4, kuma kashi 12.5 ne kawai saran ke mutuwa gaba ɗaya, wato sau ɗaya cikin takwas. Wannan ɗaya cikin takwas ɗin shi na fi so, don ba kullum yake zuwa ba, ranar da ya zo kuwa duk teburin sai da ya ɗauki sowa.

Wurin da na fi amfani da shi shi ne maɓallin At Least, yana nuna maka damar samun lamba kaza ko sama, wanda shi ne ainihin tambayar mai tsara faɗa. A nan na gane nauyin wata dokar wasan da ke ba wanda ya sami fifiko damar jefa d20 biyu a ɗauki babba. In 11 ake nema damar tana tashi daga 50 zuwa 75, samun 20 kuma daga 5 zuwa 9.75. Da ina rabar da ita kamar goro, duk wanda ya hau tudu ko ya yi ihu sai in ba shi, yanzu na rage hannu. Haka gardamar da muka daɗe muna yi kan makamin da ya fi ƙarfin sara tsakanin mai 2d6 da mai d12 ta mutu a minti biyu, 2d6 matsakaicinsa 7, d12 kuma 6.5, amma samun 12 a d12 ɗaya cikin 12 ne, a 2d6 ɗaya cikin 36. Mai gatarinmu ya duba ya ce shi dai a bar masa d12 ɗinsa, babban sara yake so ko da jefi-jefi ne.

Abubuwan da ya kamata ku sani kafin ku shiga: komai da Turanci yake, kuma da ka wuce lissafi mai sauƙi sai ka koyi ɗan yarensa na rubuta umarni, akwai bayani da misalai a shafin, ni na kwafi misalan ne ina canza lambobi har na saba. Lissafi mai nauyi sosai, kamar dayis masu yawa a cikin juna, yana yanke shi bayan 'yan daƙiƙu, sai ka raba shi gida-gida. A waya yana aiki, ka dai kwantar da ita in za ka duba jadawali. Yana kuma ba ka link na lissafinka, ni nakan tura a gurup ɗinmu na WhatsApp kowa ya gani da idonsa kafin mu amince da sabuwar doka.

Abin da ba zai auna maka ba shi ne lokacin da jifa ke ci a tebur, da neman dayis ɗin da ya faɗa ƙarƙashin kujera da haɗa lambobi da jiran wanda ya manta abin da zai ƙara, wannan sai da agogo. Shi ya sa yanzu duk dokar da ta tsallake AnyDice nake saka mata faɗan gwaji guda, mutum biyu da biyu, in kunna agogon waya. Sabuwar kare sara ta gama a minti 18. Wadda ke layi yanzu ta mashi ce, ina so mai mashi ya riga mai takobi kai hari in ana rugowa kansa, amma in an riga an shige masa jiki tsawon mashin ya zame masa nauyi, lambobin farko da na saka jiya sun ba mashi ƙarfi fiye da kima, zan rage kafin Asabar.