Daga Minnesota: ƙofar asibiti da ƙofar masallaci

Assalamu alaikum Yaya, ina gajiya? Ya yara da jikin Inna? Kin ce in ba ki labarin asibitocin Amurka.

Kayan aiki kam ba magana, ga tsafta, wuta ba ta ɗaukewa. Sai dai tsada. Wadda ba ta da inshora, haihuwa kaɗai sai ta lashe mata dubban daloli. Ba a kama layi da asuba kamar gida, rana ake ba ki, wani lokaci sai bayan makonni. Yawancin magungunan da muke saya a kemis ɗin unguwa kuwa, nan sai da takardar likita.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne bakin ƙofa. A gaban wasu asibitocin mata, musamman inda ake zubar da ciki, za ki ga mutane a gefen titi riƙe da kwalaye, suna addu'a, suna roƙon mata su juya. Ba mai hana su magana, amma ba sa kuskura su tare ƙofar. Akwai dokar tarayya da ake kira FACE, wadda Bill Clinton ya sa wa hannu a 1994, bayan an harbe David Gunn, wani likita mai aikin zubar da ciki, a Florida a 1993. Wanda ya tare hanya ko bai taɓa kowa ba, karon farko zai iya shan ɗaurin wata 6 da tarar dala 10,000. In ya ji wa wani ciwo, har shekara 10.

Kin san ra'ayina a kan zubar da ciki, bai canza ba. To amma wannan dokar ce kuma ta hana a tare ko a tsorata mai shiga wurin ibada, masallaci ne ko coci. Mu nan ba ma ɗaukar wannan da wasa. A 2017 an jefa bam a masallacin Dar Al-Farooq da ke Bloomington, mutane na shirin sallar asuba. Allah ya tsare, ba a rasa rai ba.

A Janairun 2025 Trump ya yafe wa mutum 23 da aka hukunta da FACE, wasu 'yan majalisa kuma na so a soke ta ɗungurungum. Ban ji suna tuna masallatanmu ba, kuma wallahi abin na damu na duk ranar Juma'a in na shiga da yara.

Ki gaida Inna, ki ce ta sa mu a addu'a.