Gida nawa ne a can? Bayani zuwa ga 'yan uwa na Garwa, Marwa da Njamena

Assalamu alaikum iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu. Bayan gaisuwa da fatan an yi damina lafiya, ga amsar tambayar da ba ta ƙarewa a waya: gida nawa ne a can, kuma me ya sa wane ya shekara 15 a Turai har yau yana gidan haya?

Juya kuɗi ba shi da wuya, domin sefa ɗaure take da yuro tun 1999: yuro 1 daidai yake da sefa 655.957, a ce 656. Sai dai juyin nan shi ke ruɗa mutane. In aka ce muku albashi mafi ƙanƙanta a Faransa ya ɗan haura yuro 1,400 a hannu kowane wata, wato sefa 918,000 da 'yan kai, sai a ga kamar mai shara ma attajiri ne. In kuma aka ce murabba'in mita ɗaya na gida a Faris ya kai yuro 9,500, sama da sefa miliyan 6, sai a riƙe baki. Duka biyun gaskiya ne, amma ɗaya ba ta da amfani sai an ajiye ta kusa da ɗayar. Ma'aunin da masu harkar gidaje ke amfani da shi guda ne: a raba kuɗin gida da abin da mutum ke samu a shekara, a ga shekara nawa zai yi yana aiki, bai ci ba bai sha ba, kafin ya biya.

A Faransa ba a sayar da gida da yawan ɗakuna, da mita ake sayarwa, kamar yadi. Doka ma ta fayyace yadda za a auna: duk wurin da tsayin rufinsa bai kai mita 1.80 ba, ba ya shiga lissafi. Ɗaki biyu da falo mai mita 50 a Faris, a hawa na huɗu, ba tsakar gida ba zaure, zai kai yuro 475,000, kimanin sefa miliyan 311. Mai ƙaramin albashi sai ya shekara 28. Shi ya sa ba wanda ke tara kuɗi ya saya, banki ake zuwa. Bankin kuwa yana da iyaka da hukuma ta gindaya masa tun Janairun 2022: abin da mutum zai riƙa biya duk wata kada ya wuce kashi 35 cikin 100 na abin da yake samu, har da inshorar bashin, kuma wa'adin kada ya wuce shekara 25.

Ga yadda lissafin ke fita. A ce miji da mata suna samun yuro 3,500 a wata su biyun. Kashi 35 na wannan shi ne yuro 1,225. In ruwan bashin kashi 3.5 ne, banki zai ba su wajen yuro 245,000, su kuma su mayar da 367,500 cikin shekara 25. Wato yuro 120,000 da ɗoriya ruwa ne zalla. A 2021, lokacin da ruwa ke kusan kashi 1, wannan albashin zai ciyo musu bashin da ya kai 325,000. Zuwa ƙarshen 2023 ruwa ya haura kashi 4. Albashi bai motsa ba, gida bai motsa ba, amma ɗaki guda ya ɓace daga abin da za su iya saya. Yuro 245,000 ɗin nan a Faris mita 26 zai saya, ɗaki ɗaya da kicin a kusurwa. A Saint-Étienne, tsohon garin ma'adinan kwal da ke kusa da Liyon, inda mita ba ta cika kai 1,500 ba, kuɗin zai sayi wuri mai faɗin da ya ninka wancan sau shida. To me ya hana kowa komawa can? Aiki. Inda gida ke da araha nan ne aiki ya gudu ya bari.

Kuma kuɗin gida ba shi ne ƙarshen biya ba. Akwai kuɗin noter, jami'in da ke rubuta takardar ciniki a hukumance, wanda yawancinsa haraji ne: kashi 7 zuwa 8 a tsohon gida, kashi 2 zuwa 3 a sabo. A kan gidan 245,000 wannan ya kai yuro 18,000, kusan sefa miliyan 12, kuma bankuna sun fi so mai saye ya kawo su daga aljihunsa. Bayan an karɓi makulli sai harajin gida na shekara-shekara, sai kuɗin haɗaka na bene: gyaran lif, shara, fentin bango, wani wuri har da ɗumama ɗaki. Nan ne baƙi suka fi faɗawa rami. Mutum ya ga gida da araha ya saya, bai nemi takardun taron masu benen na shekarun baya ba, ashe an riga an yanke shawarar sake rufi, sai takardar biyan dubban yuro ta same shi. Doka ta ba mai saye kwana 10 ya fasa bayan sa hannu a yarjejeniyar farko ba tare da asara ba. Kwanakin nan na karatun takardu ne, ba na walima ba.

Haya ma ba sauƙi. Masu gida sun saba neman albashin da ya ninka kuɗin haya sau uku, da takardar aiki na dindindin, sau da yawa har da wanda zai tsaya wa mutum. Ɗaki mai mita 20 a Faris na iya cin yuro 800 zuwa 900, kun ga mai ƙaramin albashi ya faɗi tun kafin a buɗe takardunsa. Abin yabo dai shi ne, wata-wata ake biya, kuɗin ajiya na wata ɗaya ne in gidan ba kaya, kuma daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris ba a fitar da ɗan haya saboda sanyi.

Jamus kuwa ba su ɗauki haya abin kunya ba. Fiye da rabin mutanen ƙasar a gidan haya suke, likita da farfesa har tsufa, don doka ta tsare ɗan haya sosai. Abin da ke ba baƙo mamaki shi ne a ba shi gida kicin fayau, ba murhu ba wurin wanke-wanke, sai bututu biyu a bango. Kowa da nasa yake ƙaura.

A Ingila matsakaicin gida ya kai wajen albashin shekara 8, a Landan ya wuce 11, inda kuɗin gida ya haura fam 500,000. Abu biyu ne ya kamata a sani. Na farko, yawancin gidajen bene ba mallaka ce ta har abada ba, hayar dogon zango ce ta shekara 99 ko 125, ƙasar ta wani ce, kuma in shekarun da suka rage suka yi ƙasa da 80 darajar gidan na faɗuwa, sabuntawa kuma ta yi tsada. Na biyu, ruwan bashi ba ya tsayawa wuri ɗaya kamar na Faransa. Shekara 2 ko 5 ake ƙayyade shi, daga nan a sake ciniki, shi ya sa waɗanda suka ci bashi da araha a 2021 suka ji jiki da wa'adinsu ya cika. Ga masu gudun riba, Ingila ta fi maƙwabtanta tsarin bankin Musulunci, inda banki ke sayen gidan tare da mutum, ya riƙa biyan hayar kason banki yana sayen kason kaɗan-kaɗan. A lissafin wata-wata ba ya fin na sauran bankuna sauƙi, hankali ne dai ke kwanciya.

Amurka ta fi su sauƙi a takarda. A 2024 matsakaicin gida ya ɗan wuce dala 400,000, matsakaicin abin da iyali ke samu a shekara kuma wajen dala 80,000, wato shekara 5. Gidajen manya ne, da fili da garejin mota, amma da katako ake gina yawancinsu, bangon ciki kuwa allon farar ƙasa ne da yaro zai iya fasawa da ƙafa. Bashi na shekara 30 ne, ruwa a tsaye. Wanda ya ci dala 320,000 da ruwa kashi 3 yana biyan 1,349 a wata, wanda ya ci daidai wannan da kashi 7 yana biyan 2,129. Maƙwabta ne, gida iri ɗaya. Wanda bai ajiye kashi 20 na kuɗin tun farko ba ana ɗora masa wata inshora ta daban, ga harajin gida da ba ya yafuwa ko an gama biyan banki. Kanada ta fi zafi: a 2024, a Toronto da Vankuba matsakaicin gida ya wuce dalar Kanada miliyan 1, kuma tun Janairun 2023 an hana baƙin da ba su da izinin zama na dindindin sayen gida, sai 'yan kaɗan da aka ware.

Ƙasashen Larabawa, inda namu suke da yawa, hayar ce ke karya mutum, don a dunƙule ake biya, ta shekara ko ta wata shida. A Riyad haya ta yi tashin da sai da hukuma ta dakatar da ƙari na shekara 5 a Satumban 2025. Dubai ta buɗe wa baƙi sayen gida a wasu unguwanni tun 2002, kuɗin rajista kashi 4, amma mai aikin shago ko tuƙi gado yake haya a ɗakin mutum shida, ba ɗaki ba.

Yanzu a auna gidajen wurinmu da ma'aunin nan. Albashi mafi ƙanƙanta a Chadi sefa 60,000 ne, haka ma a yawancin kamfanonin Kamaru tun 2023, wato 720,000 a shekara. A ce fili da ginin ɗaki uku na bulo da kwano sun ci miliyan 15. Shekara 21 ke nan, bai yi nisa da na Faris ba. Ma'aikaci mai 200,000 a wata kuwa shekara 6 da 'yan watanni, kusa da na Amurka. Don haka gida a wurinmu ba araha gare shi ba, sai ga wanda ke karɓar albashi da yuro. Bambancin na gaske shi ne bashi. Can ana shiga gida yau a biya cikin shekara 25, a wurinmu ana biya shekara 10 kafin a shiga: bana fili, baɗi tushe, adashi ya fito a kai linta, a bar ginin ya sha damina biyu yana jiran kwano. Crédit Foncier, bankin bashin gidaje na Kamaru, na nan tun 1977, ana ma cire kashi 1 na albashin ma'aikata dominsa, amma yana neman takardar albashi da titir fonsiye, wato takardar mallakar fili ta hukuma, abu biyun da ɗan kasuwar Marwa ko mai sayar da shanu a Ngaundere ba kasafai yake da su ba. Ga kuma tsadar hanya. Rodi da kwano da tayil daga Duwala suke tasowa, su bi Ngaundere, Garwa, Marwa, Kuseri kafin su tsallaka Njamena, kowane zango da kuɗin motarsa. Siminti ne kaɗai masana'antar garin Figil ta ɗan rage wa arewa nisansa.

Tunda da yawa daga cikin kuɗin da ake turowa gini ake yi da su, ga inda suke zubewa. Takardar da jauro ko lawan ya sa wa hannu shaida ce ta cewa an yi ciniki, ba mallaka ba ce a idon hukuma. Dokar filaye ta Kamaru ta 6 ga Yulin 1974 titir fonsiye kaɗai ta sani, kuma cinikin fili mai titir sai ta hannun noter. Kafin a ba da ko dala, a karɓi lambar titir ɗin a je ofishin ajiyar takardun filaye a duba sunan wa ke kai, da ko an jinginar da shi. A kawo ma'aunin filaye na hukuma ya nuna duwatsun iyaka. In filin gado ne, a tabbatar duk magada sun yarda, don fili ɗaya a sayar wa mutum uku ba sabon labari ba ne. Wanda ya karɓi takardar zama ɗan wata ƙasa ya tuna cewa dokar Kamaru ta 1968 ba ta yarda da ƙasa biyu ba, ya tambayi noter matsayinsa kafin a rubuta suna.

A je ganin fili a watan Agusta, ba a Maris ba. Filin da ya yi kyau da rani a Waliya ko Tukra a Njamena, ko a bakin mayo, wato kogi, a Marwa, ambaliyar 2022 da ta 2024 sun nuna abin da yake zama. Baƙar ƙasar karal tana kumbura da damina ta tsage da rani, ta tsaga bango tare da ita, don haka tana buƙatar tushe mai zurfi da ɗaurin rodi ƙasa da sama. Buhun siminti mai kilo 50 bulo 30 zuwa 35 na santimita 15 ya kamata ya fitar. In mai buga bulo ya ce ya fitar da 50, yashi ya sayar muku. Kowace murabba'in mita ta bango na cin bulo 12 zuwa 13, kankaren ginshiƙi kuma buhu 7 a kowace mita kubik, kuma a shayar da sabon bulo ruwa na mako guda kafin a ɗora shi. Da waɗannan alƙaluman Kawu ko Yaya da ke tsaye kan aikin zai iya ƙirga buhunan da kansa, a riƙa turo kuɗi zango-zango: na tushe, na linta, na rufi, kowanne bayan an ga hoton wanda ya gabace shi.

A gaida mutanen gida baki ɗaya. Wassalam.