Sharhi kan maganin tsutsar ciki na Ivermectin mai sirinjin baki

Cikin magungunan tsutsar da muka gwada a barga, Ivermectin mai kauri da ake matsa wa doki a baki ya fi samun yabonmu. Yana kashe yawancin tsutsotsin hanji da tsutsar ƙudan da ke maƙalewa a tumbi. Wani raunin sa: ba ya taɓa tsutsa mai faɗi, sai an sayi wanda aka haɗa da Praziquantel, irin su Equimax.

Ma'auninsa miligiram 0.2 ne ga kowane kilo, kuma sirinji ɗaya yakan ishi doki mai kilo 600. Dawakinmu na Arewa ba su kai haka ba, don haka a daina ƙiyasi da ido. A auna zagayen ƙirji inda majayi ke zama, da tsawo daga kafaɗa zuwa ƙarshen ɗuwawu, duk da santimita. A ninka zagayen da kansa, a ninka da tsawon, a raba da 11,880. Zagaye 160 da tsawo 145 zai ba da kusan kilo 312. A saita zoben sirinjin daidai nan. Rage magani don ya ishi dawaki uku shi ke sa tsutsa ta saba da shi.

Bakin dokin ya zama babu harawa, in ba haka ba zai tofar. A zura ta gefen da linzami ke zama, a matsa a bayan harshe, a ɗaga haɓarsa kaɗan. Abin da ya zuba ƙasa a kwashe, yana iya illata kare. Dukushi mai tsutsa da yawa kuwa a fara masa da Fenbendazole bisa shawarar likitan dabbobi, domin tsutsotsin da suka mutu lokaci guda suna toshe hanji.

Abin da ya fi damun mu shi ne masu ɗauko maganin shanu ko na gona su yi wa doki amfani da shi. Amitraz da ake wanke shanu da shi saboda kaska yana tsayar da hanjin doki, ya kawo murɗawar ciki har ya kashe shi. Sniper ma guba ce da ke ratsa fata. Idan gubar Sniper ta taɓa doki har ya fara dalalar miyau, makyarkyata, zawo da numfashi da ƙyar, a wanke jikinsa da sabulu da ruwa mai yawa, mai wankin ya sa safar hannu, a kira likita nan take da kwalbar gubar a hannu, domin shi zai yi masa allurar Atropine.