Lklfuse a shagon ceto bayanai: yadda na same shi

Duk mai sana'ar ceto bayanai a Titin Beirut ko Farm Centre da ke Kano ya san fargabar jona faifan wani a kwamfutarsa. Mutum zai shigo da faifan da ya ciro daga tsohuwar na'ura, ya ce, "Malam, don Allah a taimaka, lissafin shagona duk yana ciki." Kai kuwa ba ka san irin ɓarnar da ke cikinsa ba. A Linux, lambobin manhaja (code) da ke karanta tsarin fayil irin su ext4, XFS da btrfs suna zaune ne cikin kanel, zuciyar manhajar. In faifai ya zo a hargitse ya taɓo wani kuskure a wurin, kwamfutar dungurungum ke iya sandarewa, har da kwafin da kake yi wa sauran masu jira.

Shi ya sa na rungumi lklfuse, manhajar da ke buɗe faifai a wajen kanel ɗin kwamfutarka. Yana cikin aikin LKL da Octavian Purdila ya faro, inda aka mayar da kanel ɗin Linux wani ɗakin lambobi da manhaja ta yau da kullum za ta iya ɗauka ta yi aiki da shi. Sai a haɗa shi da FUSE, hanyar da ke bai wa manhaja ta yau da kullum damar gabatar da tsarin fayil, wanda ya shiga Linux tun 2005, faifan ya fito maka kamar kowace jaka. Abin da ya fi burge ni shi ne ba wani ne ya sake rubuta ext4 da hannunsa ba. Ainihin lambobin kanel ne, an dai fito da su tsakar gida, ta yadda in sun faɗi ba za su tafi da kwamfutar ba. NetBSD, wata babbar manhaja irin Linux, ita ma tana da irin wannan dabara a tsarin rump na Antti Kantee.

Na ga amfaninsa a kan wani faifan btrfs da ɗauke wuta ta bari a rikice. Ana cikin karantawa lklfuse ya faɗi. Na cire faifan da umarnin fusermount, na sake ɗora shi (wato buɗe shi a kwamfutar) a yanayin karatu kawai, na tsallake jakar da ke kayar da shi, na kwashe sauran. Duk wannan lokacin kwafin wani faifan na tafiya a ɗaya tagar, ko gezau bai yi ba. Kuma ban buƙaci ikon mai gudanarwa ba, wanda babban kariya ne idan an shirya faifan da mugun nufi.

Amma fa sai ka yi haƙuri. Ya fi ɗorawar kai tsaye jinkiri, musamman in ƙananan fayiloli sun yi yawa, tunda kowace buƙata sai ta je kanel ta dawo. LKL bai shiga babban kanel ba, don haka daga GitHub na sauko da shi na harhaɗa da kaina, ya ci data, ya ci lokaci. Yaron shago sabon shiga zai sha wuya kafin ya gane kansa.

Kada kuma a ɗora masa abin da ba aikinsa ba. Ba ya dawo da fayil da aka goge, wannan aikin manhajar PhotoRec ne. Faifan da ke ƙara kas-kas kuwa, da manhajar ddrescue nake fara ɗaukar kwafinsa sukutum, sannan in buɗe kwafin da lklfuse. Faya-fayaina na kaina ina ɗora su yadda aka saba; na mutane ne kawai ke bi ta wannan hanya.