Sharhi kan alƙalamin Lamy Safari bayan na yi amfani da shi wajen rubuta waƙa

Lamy Safari alƙalami ne mai shan tawada wanda kamfanin Lamy na birnin Heidelberg a ƙasar Jamus ya fara fitarwa a shekarar 1980, kuma Wolfgang Fabian ne ya tsara siffarsa. Tun asali an yi shi ne domin 'yan makaranta, shi ya sa jikinsa roba ce mai tauri wadda ke jure faɗuwa, marfinsa kuma yana ɗauke da ƙaton maƙali na waya da ke kama aljihun riga da kyau. Na saye shi ne saboda na gaji da tsara baitoci a wayar salula, inda manhajar gyaran kalmomi take sauya mini kalmomin Hausa yadda ta ga dama, ni kuma ina laluben ɗ da ƙ da ɓ har ɗangon da ke kaina ya kuɓuce.

Abin da mutum zai fara lura da shi shi ne wurin riƙonsa, wanda aka fafe ta gefe biyu domin babban yatsa da manuni su zauna daram. Wanda ya saba riƙe alƙalami da yatsu uku zai ji daɗinsa tun ranar farko, amma mai naɗe yatsu ko mai riƙo kusa da baki sai ya yi haƙuri kafin hannunsa ya saba, don haka gara mai saye ya riƙa shi a hannu kafin ya biya kuɗi. Bakinsa na ƙarfe ne, kuma na zaɓi matsakaici mai alamar M.

Inda ya fi burge ni shi ne ba ya buƙatar dannawa. Biro sai an matsa shi a kan takarda kafin ƙwallon bakinsa ya juya, shi kuwa wannan tawadarsa tana gangarowa ne da kanta ta wata siririyar tsaga da ke tsakiyar bakin, da zarar ya taɓa takarda sai ta sauka. Saboda haka nakan cika shafuka bayan sallar asuba ba tare da wuyan hannu ya yi tsami ba. Ga mai rubuta waƙa wannan ba ƙaramin al'amari ba ne, domin baiti yana zuwa ne da karinsa, kuma idan hannu yana tafiya daidai da yadda harshe ke rera shi a hankali, mutum yakan ji inda gaɓa ta yi yawa tun kafin ya kai ƙarshen ɗango. Akwai kuma amfanin da ban yi tsammani ba. A waya, kalmar da na goge ta tafi ke nan. A takarda kuwa layi ɗaya nake ja mata, tana nan ana ganinta. Sau da yawa nakan koma na tarar cewa kalmar da na soke da farko ita ce ta dace da amsa-amon baiti na gaba, ko kuma ita ce ta fito daga zuciya, wadda na maye gurbinta da ita kuwa ƙawa ce kawai. Ba na cewa alƙalami yana kawo basira, amma yana rage abubuwan da ke shiga tsakanin tunani da takarda.

Game da tawada, yana amfani da 'yan bututun tawada na kamfanin ne, masu lamba T10, yawancin na sauran kamfanoni ba sa shiga. Mafita ita ce a sayi ɗan famfon zuƙo tawada mai lamba Z28, wanda ake murzawa ya sha daga kwalba, kuma akwai 'yar taga a jikin alƙalamin da ke nuna ragowar tawadar. Gargaɗi ɗaya ya zama dole ga duk wanda ya tashi da allo da tawadar gawayi: kada a kuskura a zuba masa irin wannan tawada, domin ƙaron da ke cikinta zai daskare ya toshe tsagar. Wannan tawada ta alƙalamin kara ce.

Yanayinmu ma yana da nasa hukunci. Lokacin hunturu, idan na bar shi a buɗe ina neman kalma, bakin yakan bushe, sai na ɗan goga shi a gefen takarda kafin ya ci gaba. Rufe marfin shi ne maganin hakan. Da bazara kuwa bai kamata a bar shi a mota ba, domin zafi yana kumbura iskar da ke cikin bututun ta turo tawada cikin marfi. Takarda mai arha tana shanye tawadar har ta ɓullo ta baya, amma farar takardar ofis mai giram 80 ta ishe ni.

Bakin yana zarewa, don haka na gwada mai faɗin milimita 1.1 wajen rubuta ajami. Ya yi kyau, sai dai an yanke shi a miƙe, ba a karkace kamar fiƙar alƙalamin kara ba, saboda haka sai na ɗan juya hannu kafin na sami kaurin haruffa irin na littattafan ajami da ake sayarwa a Kasuwar Kurmi.

Kuɗinsa zai sayi biro masu yawa, kuma akwai jabunsa a kasuwannin intanet, don haka a nemi dillali amintacce. Ga mai cike fom da sa hannu a rasit, biro ya fi masa. Wanda yake zama ya rubuta waƙa ko doguwar wasiƙa kuwa, ina ba shi shawarar ya saye shi tare da famfon da kwalbar tawada guda, ya kuma riƙa wanke bakin da ruwan sanyi duk lokacin da zai sauya launi.