Ma'ajiyar intanet ko memori: wanne ya fi aminci ga hotunan iyali?

Hajiya, na karanta tambayarki inda kika ce wayarki ta cika maƙil da hotunan bikin 'yarki da na sunan jikokinki, da kuma 'yan hotunan mahaifinku, Allah ya jiƙansa da rahama. Kin ce mai gyaran waya ya ba ki shawarar ki bar su duka a Google Photos, wato ma'ajiyar hotuna ta kamfanin Google a intanet, ki goge na cikin wayar, yayin da ɗanki yake ganin gara a sayi katin memori a kwashe su, kuma kina son sanin wanne ya fi aminci. A ganina kowannensu yana kare ki ne daga wata asara daban, amma idan dole sai an ɗauki ɗaya a matsayin asali, to na hannu zan ɗauka, na intanet ya zama mataimaki.

Adalci ne a fara da inda intanet ta fi. Ranar da aka ƙwace waya, ko ta faɗa ruwa, memorin da ke cikinta tare suke tafiya, kuma ko a durowa aka ajiye shi, gobara da ambaliya ba sa tambayar abin da ke cikin durowa. Lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle a watan Satumban 2024, ruwa ya mamaye unguwanni da dama na Maiduguri cikin dare, kuma a irin wannan hali albam da waya da kwamfuta duk a ɗaki ɗaya suke jiƙewa. Wanda hotunansa suka riga suka hau intanet, wata wayar kawai zai nema ya shiga asusunsa ya same su. Manyan kamfanonin suna ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya, saboda haka da wuya lalacewar na'ura guda ta salwantar da hotonki. Ga shi kuma wayar ce take ɗora hotunan da kanta, alhali kwashewa zuwa memori aiki ne da mutum yake cewa gobe zai yi, har shekara ta zagayo.

To amma duk wannan alheri ya rataya ne a kan abu ɗaya, wato ki iya shiga asusun, kuma a nan ne mutanenmu suka fi yin asara. Kawuna misali ne. Ranar da ya sayi waya, yaron shago ne ya buɗe masa imel, ya rubuta kalmar sirri a bayan rasit, rasit ɗin kuwa ba a sake ganinsa ba. Bayan wasu shekaru ya daina amfani da layin da aka yi rajistar da shi, ya koma wani, ba tare da ya san cewa tsohuwar lambar ita ce makullin hotunansa ba. Da wayar ta mutu muka zauna domin dawo da hotunan aikin Hajjinsa, sai aka ce an tura lambobin tantancewa zuwa waccan tsohuwar lamba. Muka kira ta, wani bawan Allah ya ɗauka daga wani gari, domin kamfanin layin ya riga ya sake sayar da ita. Muka yi masa bayani cikin ladabi, ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce shi ba ya karanta wa kowa lambobin da suka shigo wayarsa, ya kashe. Ban ga laifinsa ba ko kaɗan, domin da irin wannan roƙon 'yan damfara suke kwashe kuɗin mutane. Hotunan mai yiwuwa suna nan lafiya lau a inda aka ajiye su, amma ga kawu daidai suke da waɗanda suka ƙone, kuma babu wani ofishi da zai je da katin shaidarsa ya ce shi ne mai su.

Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar da layuka suke yawan sauya hannu, inda kuma tun ƙarshen 2020 aka wajabta haɗa layi da lambar shaidar ɗan ƙasa, aka rufe layukan mutane da yawa da ba su haɗa ba. Ƙari a kan haka, Google ya sanar cewa daga Disamban 2023 yana iya goge asusun da aka yi shekara biyu ba a shiga ba, tare da abin da ke cikinsa. Ki yi tunanin asusun mamaci wanda magada ba su san kalmar sirrinsa ba. Memori kuwa ba ya tambayar kowa kalmar sirri, duk wanda ya buɗe akwatin zai same shi. Sai dai wannan sauƙin shi ne kuma aibinsa, domin duk wanda ya tsince shi zai ga komai, har hotunan mata a cikin gida da ba a ɗauka domin idon bare ba. Ta fuskar sirri ita ma intanet ba ta tsira ba: a 2014 an sace hotunan wasu fitattun mata 'yan fim na Amurka daga asusunsu na iCloud, ma'ajiyar intanet ta masu iPhone, kuma hanyar da aka fi bi ita ce yaudararsu da saƙonnin bogi har suka ba da kalmar sirrinsu.

Bambanci na biyu shi ne mallaka. Memorin da kika saya naki ne, wurin da ke intanet kuwa aro ne ko haya, kuma Bahaushe ya ce kayan aro ba ya rufe katara. Google Photos ya fara a 2015 da alƙawarin ajiya kyauta ba iyaka ga hotunan da aka ɗan matse, amma daga 1 ga Yunin 2021 ya janye wannan, kowane sabon hoto ya koma cin gigabait 15 na kyauta da ake rabawa tsakanin hotuna da imel na Gmail da ma'ajiyar fayiloli ta Drive. Daga farkon 2024 kwafin hirarrakin WhatsApp na wayoyin Android ma ya shiga cikin wannan lissafi. Idan muka ƙaddara kowane hoto megabait 3 ne, hotuna 5,000 sun cinye wurin ke nan tun ba a zo kan bidiyon kamu da na ɗaurin aure ba, kuma da zarar ya cika sababbin hotuna za su daina hawa, imel ma ya daina shigowa. Masu iPhone gigabait 5 kawai ake ba su kyauta. Shafin ajiye hotuna na Flickr, wanda a 2013 ya ba kowa terabait guda (gigabait 1,000) kyauta, ya rage wa masu asusun kyauta zuwa hotuna 1,000 a 2019, ya kuma sanar cewa zai goge abin da ya haura, farawa da mafi tsufa. A shekarar 2019 ɗin ce kuma shafin sada zumunta na MySpace ya amsa cewa ya yi asarar waƙoƙi da hotuna da bidiyon da mutane suka ɗora tsawon shekaru, a lokacin da yake sauya na'urorin ajiyarsa.

Wanda ya zaɓi biyan kuɗi domin ƙarin wuri ya san cewa biya ne na kowane wata ko kowace shekara har abada, kuma mun ga lokacin da bankunan Najeriya suka taƙaita ko suka dakatar da biyan kuɗin ƙasashen waje da katin naira. Haka kuma mai gidan haya yana iya rufe ƙofa bisa hukuncinsa. A 2022 jaridar New York Times ta ba da labarin wani uba a San Francisco wanda ya ɗauki hoton kumburi a al'aurar ƙaramin ɗansa domin a tura wa likita, na'urar tace hotuna ta Google ta ɗauke shi a matsayin hoton cin zarafin yara, aka rufe asusunsa. 'Yan sanda sun bincika sun ce babu laifi, amma duk da haka kamfanin bai mayar masa da asusun ba. Irin wannan ba kasafai yake faruwa ba, sai dai ya nuna a hannun wa hukuncin ƙarshe yake.

Batun sabis da data ba ya buƙatar dogon bayani. An katse layukan sadarwa a Zamfara a Satumban 2021 saboda matsalar tsaro, sannan a Maris 2024 lalacewar wayoyin intanet na ƙarƙashin teku ta kawo tsaiko a Najeriya da Ghana da maƙwabtansu. A irin waɗannan ranaku mai memori yana kallon hotunansa, mai intanet yana jira.

Kada wannan ya sa ɗanki ya ɗauka ya yi nasara, domin memori shi ne mafi raunin abin ajiya na hannu. Kasuwa cike take da na jabu, wanda za a rubuta masa gigabait 64, waya ma ta nuna haka, alhali ainihin cikinsa bai kai kwata ba. Zai riƙa karɓar hotuna kamar lafiya, sai ranar da aka zo buɗewa a tarar da yawancinsu sun lalace. Araha ba ta ado. Ko na ainihin ma yana mutuwa ba sallama, kuma ba a yi shi domin a jefa a akwati shekara da shekaru ba a taɓa ba. Faifan ajiya na kwamfuta ya fi shi ɗaukar kaya da arahar kowane gigabait, amma irin mai juyawa a ciki faɗuwa ɗaya daga kan tebur tana iya gamawa da shi. Hoton da aka wanke a takarda kuwa danshi da gara ne abokan gabansa, sai dai shi kaɗai ne ba ya neman caji ko data ko kalmar sirri, kuma hotunan kakanninmu da suka iso gare mu ta wannan hanya suka iso.

Akwai wani tarko a cikin shawarar mai gyaran da nake so ki kula da shi sosai. Waɗannan manhajoji suna daidaita abin da ke waya da abin da ke intanet ne, saboda haka idan kika shiga cikin Google Photos ko iCloud kika goge hoto da nufin samun wuri, to daga ɓangarorin biyu kika goge shi. Yana zama a kwandon shara na ɗan lokaci, kwana 30 a iCloud, daga nan ya tafi gaba ɗaya. Google Photos yana da maɓalli na musamman da ke cire kwafin waya kaɗai bayan ya tabbatar hoton ya hau, kuma shi ya kamata a yi amfani da shi. Tura hotuna ga 'yar'uwa ta WhatsApp ko ɗora su a Facebook shi ma ba ajiya ba ne, domin yawanci matse su ake yi, sai ranar da aka zo wanke babba a ga fuska ta dusashe.

Saboda haka, da ni ne a matsayinki, ba zan goge ko hoto ɗaya ba sai ɗanki ya haɗa wayar da kwamfuta ya kwashe komai zuwa faifan ajiya, ko aƙalla filashi biyu na ainihi daga amintaccen shago, sannan ya buɗe hotuna daga farko da tsakiya da ƙarshe a gabanki domin a tabbatar sun kwafu. Bayan haka ki bar na intanet a kunne, amma ki duba da idonki wace lamba ce ke kan asusun, ki sauya kalmar sirrin da wani ya zaɓa miki, ki rubuta sabuwar a takarda ki haɗa ta da takardun gida. Hotunan mahaifinku kuwa, tunda ba su da yawa kuma ba za a sake ɗaukar irinsu ba, a kai su a wanke, a kuma ba wani daga cikin 'yan'uwanku da ke wani gari kwafi guda ya ajiye.