Mangal mai naɗewa a bakin tekun Jidda: na tsire ne, ba na kifi ba

Irin mangal ɗin nan ne, wato murhun gashi na gawayi, da ake naɗewa ya koma kamar jakar hannu, wanda manyan kantunan Jidda ke jerawa a bakin ƙofa da zarar zafi ya fara raguwa. Nawa bai kai riyal 100 ba. Tsawonsa kamu ɗaya da ɗoriya, ƙafafu huɗu masu lanƙwasuwa, raga ɗaya, sai 'yan ramukan iska a gefe. Tun Disamba muke fita da shi ranar Juma'a bayan La'asar, wani lokaci Shaɗi'us Saif a kudu, wani lokaci can gaba da Abhur.

Wajen ɗauka ba shi da laifi. Yana shiga bayan mota tare da tabarma, kula da jarkar ruwa, kuma yaro ma zai iya kafa shi.

Inda ya burge ni shi ne tsire. Faɗinsa ya zo daidai da tsinke, sai ka cire ragar gaba ɗaya, bakin tsinken ya hau gefe biyu, naman yana rataye bisa garwashi bai taɓa komai ba. Duk wanda ya taɓa gasa nama mai ƙuli-ƙuli a kan raga ya san abin da nake nufi: garin ya manne wa ƙarfe, ya ƙone, ya bar ɗaci a baki. Mai tukuba a gida kafa tsinkayensa yake yi kewaye da wuta, zafi ya riƙa dukansu daga gefe, yana juyawa yana yayyafa mai. Wannan mangal bai kai can ba, amma ya kusa. Kawuna, wanda ya daɗe yana sayar da siriya, wato tsire a bakin mutanen nan, a unguwar Sabil kuma ba ya yabon gashin kowa, ya ci tsinke ya ce, "Ɗan nan, wannan karon ba ka ɓata nama ba."

Matsalarsa iska. A Jidda yawanci daga arewa maso yamma take kaɗowa, kuma da yamma take ƙara ƙarfi, daidai lokacin da ake hura wuta. Zurfin mangal ɗin bai wuce yatsu huɗu ba. Gefen da ke fuskantar teku sai ya yi jajawur ya cinye gawayinsa, ɗayan yana neman mutuwa, toka da yashi kuwa suna sauka kan nama. Dabarar da muka samu ita ce a juya kunkuntar gefensa wajen iskar, a tare da mota, a kuma danna ƙafafun cikin yashi sosai. In ba haka ba, ƙafa ɗaya za ta nitse ya karkace da wuta a ciki.

Kifi kuwa, ku haƙura. Mun sayo shu'ur da najil a Bangala, kasuwar kifi, da sassafe. Ƙananan shu'ur sun gasu. Najil ɗin, ga shi da tsada, fatarsa ta yi baƙi ƙirin cikinsa bai nuna ba, domin ragar tana daf da garwashi kuma babu yadda za a ɗaga ta. Wanda ya nace sai kifi, ya sayi raga mai maƙalewa ta hannu, ya ɗora ta bisa duwatsu biyu don ta ɗan yi sama.

Gawayi ma yana canza halinsa. Dokar muhalli ta Saudiyya ta hana sayar da itace da gawayin cikin gida don kare bishiyoyi irin su samur, da tara mai nauyi, don haka na waje ake samu a kasuwa. Matsattsen gawayin nan mai rami a tsakiya, irin na Indunusiya, yana daɗewa ba ya tartsatsi, amma kama shi aiki ne, ba shi da ƙamshi, kuma zafinsa ya lanƙwasa mini ƙasan mangal ɗin. Gawayin itacen ɗalha na Sudan nan da nan yake kamawa, ƙamshinsa kuma shi ne wanda hancinmu ya saba da shi. Ni ina shimfiɗa na ɗalha, in jefa matsattse biyu ko uku a gefen iska.

A jikin kwali an rubuta wai ba ya tsatsa. Raɓar tekun nan mai gishiri ba ta karanta kwali: mahaɗan ƙafafun sun fara ja tun kafin sanyi ya fita. A wanke shi da ruwan famfo, kada a kuskura da na teku, a shafa masa mai. Fentinsa ma ɓarewa yake a wutar farko, gara a ƙona shi babu nama tukuna.

Kafin a kafa shi a duba allon wurin. Sabon Kurnish, wurin shaƙatawa na bakin teku da aka buɗe a 2017, ba a gashi a cikinsa, kuma baladiyya, wato hukumar birni, na cin tara. Sannan ba shi da tiren toka, shi ya sa mutane ke kifar da garwashin su rufe da yashi, alhali yashi riƙe zafi yake yi na sa'o'i, ga yara suna gudu babu takalmi. Mu babban gwangwanin madara muke zuwa da shi, mu zuba garwashin ciki, mu kashe da ruwa, mu tafi da shi har kwandon shara.